Haɓata da Hannun Inna

Ni 'yar fari ce a wurin Inna, kuma ni mace ce mai gashin haɓa. Na daɗe ina ɗaukar waɗannan abubuwa biyu a matsayin ƙaddara biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, sai da na sayi wani inji sannan na gane a ɗaure suke.

Wanda bai tashi a wajenmu ba, zai yi masa wuya ya gane mece ce kunyar ɗan fari. Inna 'yar masu shanu ce, daga wani ƙauye bayan Kajiji, kuma tasu kunyar ta fi ta kowa kauri. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana son magana da ni sai ta ce wa wani, “Ku hwaɗa ma waccan.” Idan baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta lissafa ƙannena ta tsallake ni, ina zaune a gabanta. Ana yaye ni aka kawo ni Bodinga wurin kakata ta wajen uba, a nan na yi makaranta, a nan na yi aure, a nan nake koyarwa har yau. Ranar ɗaurin aurena Inna gidan maƙwabta ta wuni. Ban taɓa jin haushin haka ba, domin haka na ga ana yi wa kowace 'yar fari. Amma gaskiya ita ce, har na haifi 'ya'ya biyu ban san ɗumin tafin hannun uwata ba.

Bayan haihuwa ta biyu gashin ya fito. Da farko biyu ne, sai shida, sai na daina ƙirgawa. Baƙaƙe ne, masu taurin kai, kuma ba sa fitowa a inda za su ɓuya, sai a tsinin haɓa inda duk mai magana da ni zai ajiye ido. Wata Asabar na je gaida Inna, ina durƙushe a tsakar gida rana ta haske ni. Ta dube ni ta gefen ido, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tabarma da matsefata, wato ɗan hantsakin nan da makiyaya ke ratayawa don cire ƙaya a ƙafa. Ta mahaifinta ce. Ta zagaya bayan ɗaki, gindin dogon yaro, ta shimfiɗa tabarmar ta zauna ta miƙe ƙafafu.

“Ke,” ta ce. “Taho nan, kwanta.”

Na waiwaya in ga da wa take. Da ni take. Na ɗora kaina a cinyarta kamar wadda za a yi wa allura. Ta dangwali toka ta murza a haɓata, ta kama gashin ɗaya bayan ɗaya tana tugewa. Da ta gama ta ce magana ɗaya: kada in kuskura reza ta taɓa fuskata, domin reza ta maza ce, kuma duk macen da ta fara aski ta gama yawo.

Shekara goma sha shida muka yi a haka. Kowace Asabar ta biyu nakan shiga mota a Bodinga, mu wuce Sifawa, mu wuce Shagari, in sauka a Kajiji in hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. In gaida kowa, in sha fura, sannan Inna ta ɗauki tabarma, ni kuma in bi ta. Abin da na lura da shi shi ne, muddin idonta na kan aiki, bakinta yakan buɗe. Aiki take yi, ba hira da 'yar fari ba, don haka babu abin kunya. A nan nake jin wace saniya ta yi ɓari, wa ya yi asarar albasa saboda ya kwashe ta da danshi, wace tsohuwa ta rasu, wa ya yi wa ƙanena rashin mutunci a kasuwa. A nan take tambayata tarin yarinyata ya sauka, ko maigidana ya daina cin yaji. Aikin da bai wuce na minti goma sha biyar ba sai ta ja shi awa guda. Tana gamawa sai ta ture kaina ta ce na yi nauyi, ta naɗe tabarma, kunya ta koma inda take.

Sai dai mako biyu yana da tsawo ga mai gemu. Kwana takwas ko tara gashin ya dawo, sauran kwanakin kuma sai in ja hijabi ya rufe haɓa, ina koyar da darasi kamar mai ciwon haƙori. Tugewar ta bar mini baƙaƙen tabo da ƙananan ƙuraje. Wata rana na shiga aji na tarar an zana mace a allo da gemu irin na bunsuru, an rubuta sunan darasina a ƙasa. 'Yan mata sittin suka yi tsit, kowacce ta zama waliyyiya. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk makarantar an sani. Na sa su duka sharar fili, na koma ofishin malamai na zauna. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A ranar ce wata abokiyar aikina ta nuna mini bidiyo a wayarta. Wata mata ce ke ɗora wani abu a ƙafarta, yana walƙiya, ana cewa haske ne ke kashe gashi, kuma a gida ake yi ba sai an je asibiti ba. Na ce ƙarya ce irin ta 'yan talla. Bayan kwana uku na yi magana da wata mai sayar da kayan mata a cikin Sakkwato, ta aiko mini da shi ta hannun direba.

Injin bai fi ƙaramin dutsen guga ba. Fari ne, da waya doguwa, da ɗan gilashi a baki inda hasken ke fita, da baƙin tabarau da ake sawa don kare ido. A cikin kwalin akwai takarda mai hoton launukan fata, daga fari tas har baƙi, an ja wa biyun ƙarshe jan layi, wai kada mai irin wannan fata ya yi amfani da shi, zai ƙone. Na kara takardar a haɓata gaban madubi kamar mai zaɓen atamfa. Na ci sa'a, hasken Inna na ɗauko. Maƙwabciyata, wadda ba a yin komai a gidana ba ta leƙo ba, ta miƙo hannunta a gwada, ita kuwa baƙa ce wuluk. Injin ya kyafta jar fitila ya ƙi tashi. Ta juya ɗaya hannun, ya sake ƙi. Ta ce, “Aradu, har inji ya iya wariya,” ta ja zanenta ta fita. Ni ma da na ɗora shi a bayan hannuna inda na sa lalle, ƙi ya yi.

Da ta tafi na zauna na karanta takardar da kyau. Bayanin ba wuya. Hasken yana bin baƙin gashi ne ya gangara har saiwa, ya dumama ta ta yi rauni. Saboda haka dole saiwar ta kasance a ciki. Ba a tugewa, ba a cire gashin da halawa, tun makonni kafin a fara har a gama. Abin da ake yi shi ne a aske da reza, sannan a haska, sau ɗaya a mako.

Sau uku na karanta wurin. Ba zan yi ƙaryar cewa ban gane ba. Tun a zaune na san abu biyu takardar ke nema: in yi abin da Inna ta hana, kuma in hana Inna abin da take yi. Na ce a raina shekarata arba'in da ɗaya, fuskata ce, ba ta gado ba ce da za a yi shawara. Na ɗauki rezar maigidana. Ya same ni gaban madubi da kumfa a haɓa, ya tsaya ya ce, “Malama, in kin ƙare ki ba ni aro.” Ban yi dariya ba, shi ma ya ga ba ranar wasa ba ce.

Asabar ta farko na kira matar ƙanena, wadda ke zaune gida ɗaya da Inna, na ce a gaya mata ina makin jarrabawa. Ta biyu na ce yarinya ba lafiya. A tsakanin nan na fara haskawa. Sau ɗaya a mako, ranar da aka kawo wuta da rana, sai in bar abin da nake yi in rufe ɗaki, in sa baƙin tabarau kamar direban tanka, in danna. Zafinsa kamar ɗigon mai ne idan ya fantsamo daga kaskon ƙosai, sai ɗan ƙauri irin na babbaka. Minti uku an gama.

Asabar ta uku ba ni da sauran ƙarya, sai na shirya na tafi. Da safen na yi aski. Bayan gaisuwa da fura Inna ta ɗauki tabarma, na bi ta don ban san yadda zan ƙi ba. Na zauna amma ban kwanta ba. Na ce mata ƙurji ne ya fito mini, an ce kada a taɓa. Ta miƙo babban yatsa ta shafa haɓar daga ƙasa zuwa sama. Askin reza ba ya ɓuya ga yatsan da ya san wuri.

“Reza ta wagga,” ta ce.

“Inna, wani inji na nis saya. Da haske shika aiki. An ce sai an aske, ba a tugewa.”

“Haske? Irin na tocila?”

“Ya hi shi ƙarhi.”

Ta juya matsefatar a hannu. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi tun a mota. Faɗan bai zo ba.

“Shina ɗebe su duka?”

“Haka anka ce.”

“To madalla,” ta ce. “Kin huta da hanya.”

Ta tashi, ta jira na sauka daga tabarmar, ta naɗe ta, ta wuce wajen maruƙa. A kan kabu-kabu ina ta cika ina batsewa ni kaɗai. Wai kin huta da hanya. Kamar don gashi nake zuwa.

Injin dai ya yi aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Zuwa mako na shida gashin ya fara fitowa a sirance, zuwa na goma sai in yi kwana da kwanaki ban nemi reza ba. Tabon ya fara dusashewa. Na sassauta hijabina, na tsaya gaban allo na ɗaga kai. Na ji daɗi, daɗi na gaske, irin wanda mutum ke ji idan ya sauke tulun da ya ɗauko daga nesa. Abokiyar aikina ta riƙa nuna ni ga mutane kamar ita ta ƙera injin.

Ban daina zuwa ƙauye ba, don in nuna wa Inna ba don gashi nake zuwa ba. Sai dai zuwan ya koma wani abu dabam. In durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta amsa lahiya lau tana kallon faifan da ke hannunta, ta ɗaga murya ta ce wa matar ƙanena, “Ku ba baƙuwa hura.” Shi ke nan. Sauran wunin in yi shi da matar ƙanena, muna gyaran albasa, Inna tana can tana nan, ba ta zama inda nake. Da farko na ɗauka fushi take. Da na lura sai na ga ba fushi ba ne, har guzurin man shanu da take ba ni ya ƙaru. Hanyar da take bi ta iso gare ni ce kawai ta toshe, kuma ba ta da wata.

Na yi ƙoƙarin buɗe wata. Na ce ta duba mini kaina ko akwai amosani, ta kira matar ƙanena. Na zo da abin yankan farce na ce in gyara mata na ƙafa, ta janye ƙafar cikin zane kamar na kawo wuta. Ina aka taɓa ganin 'yar fari ta riƙe ƙafar uwa a tsakar gida?

Abin da ya karya ni ya zo ne wata Asabar bayan kaka. Muna zaune matar ƙanena ta ce, a cikin hira, ai tun da aka kai Inna asibiti a Shagari gwiwar ta yi sauƙi. Na ce wace gwiwa, wane asibiti? Ta ce, “Yaya, ba ki sani ba? An hi wata guda.” Ta ƙara da cewa tsohuwar saniyar nan ma, wadda Inna ta zo da uwarta gidan aure, ta kwanta an yanka ta tun kafin nan, kuma Inna ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ni ina zuwa gidan nan kowane mako biyu, ina shan fura, ban san ko ɗaya ba. A da, da kaina a cinyarta zan ji su, tun ranar da gwiwar ta fara.

Zuciya ta ɗebe ni. Na tashi na same ta tana tankaɗe, na ce da ƙarfi, “Inna, wai ni ba ɗiyakki ba ta? Ki yi ciwo, sai dai in ji ga bakin wasu?”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen katanga. “Ku ji mani wagga,” ta ce, tana 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. Kunya ce ta kama ta, tata da tawa duka. Ta ci gaba da tankaɗenta. A nan na gane ba zan canja tsohuwa mai shekara kusan saba'in da ihu ba, kuma ba ita ta toshe hanyar ba.

Akwai wani layi a takardar injin da na karanta tun farko na yi tsaki. An rubuta cewa ba ya kashe gashi har abada, sai an riƙa maimaitawa lokaci lokaci, idan aka daina zai dawo. A lokacin na ce ga cutar 'yan kasuwa nan, sun ɓoye ta a ƙananan haruffa. Da na dawo Bodinga ranar na sake neman layin na karanta. Na naɗe wayar injin, na mayar da shi kwalinsa, na ɗora a saman kabad.

Sai jira. Kowace safiya in tsaya gaban madubi in ɗaga haɓa, in juya dama in juya hagu. Mace da girmanta, wadda ta yi shekara goma sha shida tana tsine wa gashin nan, yau ita ce ke leƙen ko ya tsiro. Maigidana ya ga abin ya ishe shi, ya ce, “Malama, da kina nema ki kore su, yanzu kina nema su dawo. Wace addu'a za mu yi maki?” Na ce ya yi ta biyun. Wata na farko ba komai. Na biyu ba komai, har tsoro ya kama ni, na ce ko ni ce wadda injin ya yi wa aiki fiye da alkawarinsa. Ina ci gaba da zuwa ƙauye ina shan furar baƙunta.

A cikin wata na uku suka leƙo. Ba irin na da ba, sirara ne, ba su da wannan baƙin da taurin. Na ƙirga, biyar. Na bar su su yi tsawon da matsefata za ta kama, na shiga aji da su, duk mai son zane ta zana.

Ranar Asabar na isa da hantsi. Matsalata ita ce yadda zan faɗa, domin irin wannan magana ba a yin ta da baki tsakanina da ita. Bayan na gaishe ta sai na ƙi tashi. Na gyara zama inda rana ke faɗowa, na ɗaga kai kamar mai kallon shirwa, ina sosa haɓa. Na daɗe a haka har wuyana ya gaji.

“Injin ya mutu?” ta ce, ba ta dube ni ba.

“Ya gaji, Inna.”

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta dafa bango ta miƙe, a nan na ga yadda gwiwar ta koma, ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe kwanoni ɗaya bayan ɗaya, ashe matsefatar ta yi nisa a ajiya. Da muka zagaya baya ba ta iya miƙe ƙafar hagu sosai ba, sai na ɗora kaina a ta dama. Yatsunta suka bi haɓata a hankali, suka tsaya, suka sake bi.

Sai ta fara. Ta gaya mini yadda gwiwar ta soma, ranar da ta sunkuya ɗaukar ƙwarya ta ji wani abu ya ce ƙas. Ta gaya mini allurar da aka yi mata da yadda ma'aikaciyar ta yi mata magana kamar yarinya. Ta gaya mini saniyar, yadda ta kwanta da yamma ta ƙi tashi, yadda aka yanka ta ita kuma ta kasa cin naman. Ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, da ajin da kowanne ya kai. Hawayena na gangarawa ta gefen ido suna shiga kunnena, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Sau biyu na ji tsinin zafin tugewa, ɗaya a farko, ɗaya can da inuwa ta matsa daga kanmu.

Aka kira azahar, ta ajiye matsefatar. Na tashi zaune na shafa haɓata, na ji su.

“Inna, saura uku.”

“Na gani,” ta ce, tana kakkaɓe toka daga yatsunta. “Ba su ƙosa ba tukuna. A bar su sai wani zuwa.”

Tsawonsu ɗaya da biyun da ta cire, ni na sani, ita ma ta sani. Na ce to. Da su ukun na koma Bodinga, da su na yi mako biyu.